ƊAKIN TARON JANFALAN: WA ZAI RIƘE MABUƊI?

Ga laccar da aka yi wa 'yan'uwanmu manoma da 'yan kasuwa na Janfalan, ta ƙasar Ikara, a kan maganar ɗakin taro. Mun buga ta duka domin mutanen Makarfi da Kudan da sauran garuruwa masu irin wannan niyya su amfana. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.



Jama'a, maganar da ta tara mu yau ita ce maganar ɗakin taro na gari. Kowa yana so, babu mai musu. Inda baki ya rabu shi ne hanyar da za a bi a same shi. Waɗansu sun ce a je a roƙi wani babba ya gina mana. Waɗansu sun ce ina amfanin wahala, a ci gaba da aron ajin makaranta kamar yadda aka saba. Waɗansu kuwa sun ce mu tara da kanmu, ko da za a daɗe. To, ni abin da na zo in faɗa muku guda ɗaya ne. Kafin ku tambayi wanda zai kawo siminti, ku fara tambayar wanda zai riƙe takardar fili, da wanda zai riƙe mabuɗi. Ɗaki na mai mabuɗi ne, ko da an rubuta sunan gari a goshinsa da manyan baƙaƙe.

MENENE AMFANINSA?

Na san akwai masu cewa a zuci, ana fama da tsadar taki da kuɗin magani, ina mu ina gina ɗaki? Wannan tambaya ce ta hankali, kada kowa ya raina mai yinta. Idan kuka zauna kuka ga ruwan sha ya fi gaggawa, ku fara da ruwa, ba wanda zai zarge ku. Amma ku lura da abu guda: ruwan nan, da takin, da gyaran hanya, duk ba sa zuwa sai an zauna an yi shawara, an rubuta takarda, an zaɓi masu kai ta. A yawancin garuruwanmu ina ake wannan zama? A gindin bishiya, hadari ya taso a watse. A ajin firamare, sai yara sun tashi, sai kuma an sami yardar hukumar makaranta. A zauren wani mai hali, inda talaka ba ya iya ɗaga murya gaban mai gida, mata kuwa ko ƙofa ba sa kaiwa.

Ɗakin taro shi ne wurin da malamin gona zai bayyana muku sabon iri, wurin allurar rigakafi, wurin karatun yaƙi da jahilci, wurin da masu rake da masu tumatir za su haɗa baki a kan farashi kafin dillali ya same su ɗai-ɗai. Shi ne kuma wurin da za ku kira wanda kuka zaɓa, ku zaunar da shi, ku tambaye shi abin da ya yi da amanarku.

DARASIN DA AKA BAR MANA

Ku tambayi tsofaffi, za su ba ku labarin zamanin En'e. A lokacin nan duk mai son yin lacca sai ya nemi izni daga hukuma. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta 1950, mutanenta sun sha neman iznin nan ana hana su, wanda ya tara jama'a ba izni kuwa sai gaban alƙali, daga nan sai gidan yari. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, nan kusa da mu, ta sha ɗauri a kan tara mata da yi musu magana. Wannan zamani ya wuce. Har ma a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa ba a bukatar iznin 'yan sanda kafin a yi taron lumana.

Amma fa wanda ba ya son a yi magana, in an karɓe masa sanda sai ya nemi kwaɗo. Yau ba sai an hana ku izni ba. Ya isa a ce mai mabuɗi ya yi tafiya, ko a ce ana gyaran ɗakin, ko a ce mai ginin bai ji daɗin abin da aka faɗa a taron da ya wuce ba. Shi ke nan, an rufe muku baki ba tare da an taɓa jikin kowa ba. Saboda haka ne na ce maganar mabuɗi ita ce gaba da maganar siminti.

HANYOYI UKU

Hanya ta farko, roƙon babba. Ban ce kada ku karɓi taimako ba, zan dawo kan wannan. Amma ku san irin abin da ake kira aikin mazaɓa. A watan Nuwamba 2019 shugaban ƙasa na lokacin, marigayi Muhammadu Buhari, ya faɗa da bakinsa cewa an ware wajen naira tiriliyan ɗaya domin irin waɗannan ayyuka cikin shekara goma, amma talaka bai ga amfanin da ya kai kuɗin ba. A shekarar ce kuma hukumar ICPC ta fara bin sawun ayyukan, ta tarar da waɗanda aka karɓi kuɗinsu ba a yi ba, da waɗanda aka fara aka watsar. Ba ɗan adawa ne ya faɗa ba, mai mulki ne. Ku da kuke yawon kasuwanni, kango nawa kuka gani a bakin hanya, bango ya kai taga ya tsaya, ciyawa ta cinye shi, akuya ce kaɗai ke taro a ciki? Wanda aka gama kuma, sau da yawa sai ka ga an gina shi a filin da ba a san mai shi ba, mabuɗi yana aljihun yaron mai gida. Wanda ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski.

Hanya ta biyu, aro. Aro ba laifi ba ne, kuma da shi za mu ci gaba har ranar da namu ya tsaya. Amma ajin makaranta na yara ne, bencinsa na yara ne, ranar da aka canja shugaban makaranta sai a canja muku magana. Kayan aro ba ya rufe katara.

Hanya ta uku, mu yi da kanmu. Ita ce mai wuya, ita ce mai jinkiri, ita ce kuma nake ba ku shawara ku bi. Ba sabon abu ba ne. Da gayya kakanninmu suka yi ganuwa, da gayya suka haƙa rijiyoyi, da gayya ake jinka. 'Yan'uwanmu na ƙasar Ibo, tun kafin mulkin kai ƙungiyoyin garuruwansu ke yanka wa kowane ɗan gari abin da zai biya, na gida da na ci-rani, da shi suka gina ɗakunan taro da makarantu. A ƙasar Kenya, daga 1963 Jomo Kenyatta ya kira jama'a zuwa ga abin da suke kira Harambe, watau gayyar kuɗi, aka gina makarantu da asibitoci masu yawa. Amma ku ji ƙarshen labarin. Sannu a hankali 'yan siyasa suka mai da taron gayyar wurin nuna arziki da sayen ƙuri'a, har a 2003 aka yi doka ta taƙaita hannun ma'aikatan hukuma a cikin tara irin wannan kuɗi. Ashe ko gayya, in ba a kafa mata ƙa'ida ba, mai babban aljihu sai ya saye ta.

DA FARKO, FILI

Kada a sayi bulo ko guda ɗaya sai an gama maganar fili. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa dukkan filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da haƙƙin zama irin na gargajiya, takardar shaidar mallaka kuwa daga gwamna take fitowa. A Jihar Kaduna tun 2015 aka yi dokar hukumar KADGIS, ita ce mai rajistar filaye. Ma'anar wannan ita ce, maganar baki ba ta isa ba.

Ga yadda rigima ke faruwa. Dattijo mai kirki ya ce na ba gari gonata ta bakin hanya. Aka yi masa addu'a, aka yi gini. Bayan shekara ashirin ya rasu, aka zo rabon gado, wani jika ya ce ina shaida? Shaidun duk sun bi shi. Gini ya shiga kotu, kotu kuwa kun san ba ta gaggawa. Saboda haka in kyauta ce, a rubuta, mai fili ya sa hannu, manyan 'ya'yansa su sa hannu, dagaci da mai unguwa da limamai su shaida, hakimi ya sani. In mai bayarwa yana so ya mai da shi wakafi, ya faɗa a fili a rubuta, domin wakafi ba a sayar da shi, ba a kyautar da shi, ba a gadonsa. In saye ne, a biya gaban shaidu a karɓi takarda. Sa'an nan a kira safiyo ya auna, a kafa duwatsun iyaka, a kai Ikara, a bi har a yi rajista. Ku zaɓi wuri mai tudu wanda ruwa ba ya kwanciya, kusa da hanya, ba a cikin harabar gidan kowa ba, ba kuma a jikin ofishin wata jam'iyya ba, har da tamu.

SUNAN WA ZA A RUBUTA?

Nan ne mutane da yawa ke faɗuwa. In aka rubuta sunan shugaban ƙungiya, fili ya zama nasa a idon doka. Maganin wannan yana cikin dokar kamfanoni ta 2020. Dokar ta ba al'umma dama ta zaɓi amintattu, mutum biyu ko fiye, ta yi musu rajista a hukumar CAC. Ana kai tsarin mulkin ƙungiya, da takardar taron da aka zaɓe su, a buga sanarwa a jaridu, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. In an gama, ƙungiya ta zama kamar mutum guda a gaban shari'a. Tana iya mallakar fili da sunanta, ta buɗe asusu a banki da sunanta. Amintacce ya mutu, a zaɓi wani, fili yana nan. Doka kuma ta hana a raba dukiyar ƙungiya tsakanin membobi.

Shawarata ku zaɓi mutum bakwai. A sami manomi, a sami ɗan kasuwa, a sami malami, a sami saurayi, a sami wakilin ƙauyukan da ke kewaye, kuma lalle a sami mata biyu. Kada wani ya yi dariya. Sai a 1976 aka yarda matan Arewa su jefa ƙuri'a, amma adashi fa tun kaka da kakanni a hannunsu yake, kuma uwar adashi ta fi maza da yawa riƙon amana. Kada a sa mutum biyu daga gida ɗaya. Wanda ya fito takara kuwa ya sauka daga kujerar amintattu sai bayan zaɓe. Sarakunanmu iyaye ne, a ba su girmansu, su zama masu sa albarka da sasanta rigima, amma kada a ɗora musu nauyin riƙe asusu.

INA KUƊI ZA SU FITO?

Bari mu yi lissafi, misali kawai nake ba ku. A ce mutum 600 suka yarda, kowa naira 500 a mako. Naira 300,000 ke nan kowane mako. A shekara, mako 52, ya kama naira miliyan 15 da dubu 600. A ce rabinsu suka gaza, har yanzu akwai kusan miliyan 8. Da yayyafi kogi kan cika.

Amma manomi ba ma'aikacin albashi ba ne, kuɗinsa yana da lokaci. Kada a matsa wa kowa a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. A bari sai kaka. Mai masara ya ba da tiya guda a kowane buhu. Buhu kan ci tiya arba'in, watau duk buhu arba'in da aka girbe a gari, buhu ɗaya na ɗakin taro ne. Mai rake ya ba da nasa in ya sayar, mai mazarƙwaila haka, mai tumatir da albasa ya bayar da rani. 'Yan kasuwa su sa nasu ranar kasuwa, da yardar sarkin kasuwa da shugabannin layi-layi, a ba kowa rasit mai lamba. 'Ya'yanmu da ke Zariya da Kaduna da Kano da Legas su aiko ta asusun ƙungiya, ba ta hannun wani ba. Wanda ba shi da kuɗi yana da ƙarfi: ranar gayya ya zo da shebur, a rubuta masa yininsa daidai da kuɗi. Mai amalanke da mai mota su kawo yashi. Gwauruwa da maraya da mara lafiya kuwa a ɗauke musu, kuma ranar buɗewa kujerarsu daidai take da ta kowa.

A sa kuma a cikin ƙa'ida cewa shekarar da aka yi asara, a sassauta. Kun tuna 2016, da ƙwaro ya cinye tumatir a jihar nan har gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa. A irin wannan shekara ba a bin mutum bashin gayya. Wannan gudummawa ce, kada a mai da ita haraji, kada a tura wa kowa samari ƙofar gida.

Bayan namu ya taru, sai mu nemi na hukuma, domin haƙƙinmu ne. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa kason ƙananan hukumomi 774 a riƙa biyansu kai tsaye. To, ku rubuta wa kansilanku da shugaban ƙaramar hukuma, ku nemi a sa ku cikin kasafi. Ku rubuta wa 'yan majalisa. Mai zuwa da takardar fili a hannu da harsashi a ƙasa, ai ba maroƙi ba ne. Duk wanda ya kawo, attajiri ko ɗan siyasa na kowace jam'iyya, a karɓa a gode, bisa sharaɗi uku: kuɗin ya shiga asusu, a faɗi adadinsa gaban jama'a, kuma ba ya sayen mabuɗi ko sunan ɗaki. In an yi taron gidauniya, a ƙirga abin da ya shigo hannu kaɗai. Alkawarin da aka yi gaban lasifika ba ya sayen kwano.

TSARE AMANA

Abin da ke kashe gayya ba talauci ba ne, zato ne. Ranar da mutane suka fara raɗa cewa an ci kuɗi, ko ba a ci ba, hannu ya janye. Saboda haka a sa hannu uku a banki, ba a fitar da ko kwabo sai biyu sun sa. Ma'aji daban, magatakarda daban, mai sayen kaya daban. Kowane wata a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, da boko da ajami, a manna a bakin kasuwa, a kuma karanta da baki domin wanda bai yi karatu ba. Kowace shekara a zaɓi mutum biyu waɗanda ba sa cikin shugabanni su binciki littafi. Mutumin kirki ba ya fushi don an ƙirga a gabansa.

Kada kuma a bar kuɗi su kwana da yawa. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa, kusan ninki biyu na kuɗinsa a shekarar da ta gabata. Wanda ya ajiye kuɗin buhu ɗari sai ya wayi gari da na hamsin. In kuɗi sun taru a mai da su rodi da kwano da bulo. Siminti kuwa ba ya son ajiya, danshi na kashe shi, a saye shi lokacin da za a yi aiki da shi.

GINI DAIDAI ƘARFI

Kada ku kwaikwayi na birni. Ɗaki mai ƙafa 40 a faɗi da 80 a tsawo ya ishi gari ya zauna. Ku yi shi mataki-mataki, kowane mataki ya zama mai amfani ko da an tsaya a nan. Bayan harsashi a tsai da ginshiƙai a rufa kwano. Kun sami rumfa ke nan, tun shekarar farko kuna taro a inuwarku. Masu fara bango su bar rufi, su ne masu kango. A ɗaure katako da ƙarfe a jikin ginshiƙi, domin kun san iskar farkon damina da abin da take yi wa kwano. Sa'an nan daɓe, sa'an nan bango da tagogi masu faɗi, sa'an nan makewayi, na maza daban na mata daban. A ba maginan gari da kafintocin gari aikin, amma a sami wanda ya san aikin gini sosai ya duba harsashi da ginshiƙi, domin rai ɗari uku za su zauna a ƙarƙashi.

Ku tuna kuma gini kamar doki ne, saye ba shi ne wahala ba, ciyarwa ce. Tun yanzu a tanadi shaguna uku ko huɗu a gefen da ke kallon hanya, hayarsu ta riƙa biyan mai gadi da gyaran yoyo. Mai biki ya biya haya. Taron gari, da na lafiya, da na karatu kuwa kyauta ne.

DOKAR ƘOFA

Ga abin da nake roƙo ku rubuta a shafin farko na tsarin mulkinku. Ɗakin nan na duk mazaunin gari ne, Musulmi da Kirista, Bahaushe da Bafillace da baƙon da ya zauna da mu, mace da namiji. A ajiye littafi, wanda ya riga rubuta suna shi ke da rana. Jam'iyya mai mulki ta biya abin da ta adawa za ta biya. Mabuɗi uku, a hannun mutum uku, ba a hana kowa sai da dalilin da aka rubuta. Mu 'yan adawa ne yau, wannan doka za ta tsare mu. In Allah ya ba mu mulki gobe, ita ce za ta tsare waɗansu daga gare mu, kuma haka ya kamata.

To jama'a, kada mu tashi da tafi kawai. Abu uku nake so ku yanke kafin ku watse. Ku zaɓi mutum biyar su nemo fili biyu ko uku su kawo wa taro ya zaɓa. Ku zaɓi masu rubuta tsarin mulki, a karanta shi gaban kowa kafin a karɓi ko sisi. Ku sa ranar da za a dawo, kada ta wuce wata guda. Ba a fafe gora ranar tafiya, kaka kuwa ba ta jiran wanda bai shirya buhu ba.

Allah ya haɗa kanmu, ya ba mu amintattu na gari, ya sa mu ga ranar da za mu zauna a inuwar da hannunmu ya kafa.